Bayan An Ƙona Ƙwaya, Wa Zai Riƙe Yaron?

Ana kama dila, ana cinna wa tulin ƙwaya wuta a gaban 'yan jarida. Amma aikin da ke hana yaro fara sha, da wanda ke riƙe shi bayan ya daina, a unguwa ake yin sa, kuma har yau bai samu gurbin kirki a kasafin kuɗin kowa ba.

Ranar da aka sallamo wani yaro daga asibiti mahaifiyarsa ta yanka kaza. Wata uku ya yi a can, kuɗin kuwa ba su haɗu ba sai da ta sayar da kekenta na ɗinki, ƙanwarsa ta cire ɗan kunnenta ta ɗora. Ya dawo ya murmure, idonsa ya washe, yana durƙusawa har ƙasa yana gaida mutane. Mata suka yi ta sallama suna barka da arziki, kowace za ta fita sai ta ce Allah Ya sa iyakar wahalar ke nan. A lungunmu aka yi, shi ya sa na san yadda ta kaya.

Satin farko ko zaure bai leƙa ba. A na biyu ya koma garejin da yake koyon aiki, maigidansa ya ce ai tuni ya sa wani a gurbinsa. Gidan da yake zuwa zance aka aiko ƙanin yarinyar ya ce an ce ba ta nan, kuma kada ya sake dawowa. A masallaci ya lura idan ya shigo, wasu kan koma su ɗauko takalmansu su ajiye a gabansu. Wuri ɗaya ne tak a faɗin unguwar aka matsa masa a benci, aka tafa da shi ana murnar ganinsa: kangon bayan makarantar firamare, inda abin ya faro tun asali. Bai cika kwana arba'in da dawowa ba aka kwaso shi daga can a Adaidaita Sahu, jikinsa na jijjiga, kumfa na fita ta bakinsa.

Likita bai gaza ba, uwa kuwa ta yi har abin da ya fi ƙarfinta. Abin da aka rasa yana tsakanin ƙofar asibiti da kangon nan: mutumin da zai tare shi, sana'ar da za ta cinye masa yini, da majalisar da ba a miƙa kwalba a cikinta. Idan aka gwada da kuɗin gadon asibiti, wannan aiki araha ne. To amma ko araha sai an biya, kuma ba mu cika tambayar daga aljihun wa ba.

Girman ramin

A watan Janairun 2019 aka fitar da sakamakon babban binciken ƙasa kan shaye-shaye, wanda Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta yi tare da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi, UNODC, da kuɗin Tarayyar Turai. Ya nuna mutum miliyan 14.3, wato kashi 14.4 cikin ɗari na 'yan shekara 15 zuwa 64, sun yi ta'ammali da wani abin maye a shekarar da ta gabaci binciken, ban da giya da taba. Wiwi ce kan gaba da mutum miliyan 10.6. Mai bi mata ba hodar iblis ba ce, magungunan asibiti ne dangin tiramadol, da mutum miliyan 4.6. Masu shan maganin tari don maye sun kai miliyan 2.4. Cikin kowane masu sha huɗu, ɗaya mace ce. Arewa maso Yamma tana da kusan mutum miliyan 3, Kano kaɗai ta haura miliyan ɗaya.

Ba duka ne 'yan daba ba. Akwai ɗan dakon da ke haɗiyar tiramol da asuba don buhu ya yi masa sauƙi, da ɗan ƙwadagon da ke son ya yini a gona bai ji rana ba, da direban da ke son ya kwana a hanya. Akwai matar auren da ke juye kodin a kwalbar lemo ta rufe ɗaki, don ta manta da abin da ba ta da wanda za ta faɗa wa. Akwai ɗan jagaliyar da uban gidansa ke saya masa da kansa idan zaɓe ya ƙarato. Tiramadol ɗin da likita ke rubutawa mai ƙarfin 50 ne ko 100. Wanda ke yawo a tasha da bakin kasuwa 200 ne, 225, har 250. Irin wannan ne ke kayar da mutum yana jijjiga kamar mai farfaɗiya, idan ya yi yawa kuma ya danne numfashi.

An toshe ƙofa, ta biyo ta taga

A ƙarshen Afrilun 2018 sashen binciken BBC ya saki fim ɗinsa kan kodin, wanda ya nuna yadda kwalabe ke fita ta bayan gida daga kamfanonin magani, ya kuma nuna matasa ɗaure da sarƙa a cibiyar gyaran hali ta Ɗorayi a Kano. Ranar 1 ga Mayu ministan lafiya na lokacin, Farfesa Isaac Adewole, ya haramta haɗawa da shigo da maganin tari mai kodin. A shekarar ce kuma Indiya, inda akasarin tiramadol ke fitowa, ta tsaurara dokar fitar da shi.

Kwalba ta yi tsada, amma mai sha bai daina jin ƙishinta ba. 'Yan kasuwa suka sauya salo. A Fabrairun 2025 BBC ta sake bankaɗo wani kamfani a Mumbai, Aveo Pharmaceuticals, yana haɗa tapentadol da carisoprodol a ƙwaya ɗaya, haɗin da ba a amince da shi a ko'ina ba, yana turowa Afirka ta Yamma da sunaye irin su Tafrodol. Cikin 'yan kwanaki Indiya ta haramta haɗin. Darasin dai shi ne na 2018: duk ƙwayar da aka hana, ƙanwarta na tafe, muddin mai saye na nan yana jira.

Wannan ba ya nufin kame ba shi da amfani. Tun da aka naɗa Buba Marwa shugaban hukumar yaƙi da miyagun ƙwayoyi, NDLEA, a Janairun 2021 an ga sauyi a fili. A Satumban 2022 kaɗai an gano ƙwayar tiramadol fiye da miliyan 13 a wani katafaren gida a Lekki ta Legas. A Kano, rufe shaguna sama da dubu a Sabon Gari a Fabrairun 2024, don tilasta wa masu sarin magani komawa sabuwar kasuwarsu ta Dangwauro, ya rage cinikin ido-rufe. Sai dai duk wannan aiki ne a ɓangaren mai sayarwa. Ɓangaren mai saye, wanda shi ne yaron lungunmu, kaɗan yake samu.

Inda talaka ke kai ɗansa

Binciken na 2019 ya ce mutum ɗaya cikin biyar na masu sha abin ya riga ya zame masa ciwo, wato kusan mutum miliyan 3 masu buƙatar magani. Cikin waɗanda suka fi nisa, kusan kashi 40 cikin ɗari sun so a yi musu magani ba su samu ba, saboda tsada, da gori, da rashin wurin zuwa. Asibitocin ƙwaƙwalwa na tarayya a Arewa a ƙirge suke: Barnawa a Kaduna, Kware a Sakkwato, da na Maiduguri su ne sanannu, sai na Dawanau a Kano. Likitocin ƙwaƙwalwa a duk ƙasar, mai mutum sama da miliyan 200, ba su kai 300 ba.

Da gado ya gagara, sai iyaye suka nufi gidan mari. Ba don mugunta ba: uban da ɗansa ya sayar da tukunyar gas ya ɗaga wa uwarsa hannu, duk wanda ya ce kawo shi zan gyara, zai kai. A Satumban 2019 'yan sanda suka fasa wani gida a Rigasa ta Kaduna suka fito da mutum fiye da 300, da yawa da sarƙa a ƙafa da tabon bulala a baya. Aka bi da Daura da Katsina da Zariya. An rufe gidajen, kuma daidai aka yi. Amma da aka buɗe ƙofa aka ce kowa ya koma gidansu, ba a tanadi inda za a kai su ba.

Sarƙa ba ta warkar da wannan ciwo, kuma akwai dalili. Wanda ya saba da ƙwaya dangin tiramadol, idan ya tsaya, jikinsa kan yi bore: gaɓoɓi su yi ta ciwo, ga zufa, ga gudawa, ga hamma, barci ya ƙaurace. Wannan kan lafa cikin mako ɗaya zuwa biyu. Sha'awar kuwa takan zauna watanni tana jiran ranar ɓacin rai. Masana sun ƙiyasta kashi 40 zuwa 60 cikin ɗari na waɗanda aka yi wa magani sukan koma, kusan daidai da yadda mai hawan jini ke sakin maganinsa ciwon ya dawo. Mafi hatsari shi ne, jikin da ya yi wata uku bai sha ba ya manta da ƙarfin ƙwayar. Adadin da yake shanyewa a da yana tafiya da ƙafarsa, yanzu shi zai kai shi ƙasa. Abin da ya sami yaron lungunmu ke nan.

Me unguwa za ta saya da kuɗin?

Idan aka ce a ba unguwa kuɗi, abin da ke fara zuwa ran mutane shi ne taron wayar da kai: rumfa, lasifika, riguna masu rubutu, babban baƙo ya yi jawabi, a raba lemo a watse. Yaran da aka yi taron dominsu suna kango ba su ma ji labari ba. Ayyukan da ke da tasiri ba su da kyan hoto haka.

Na farko rigakafi ne a aji. Akwai manhaja mai suna Unplugged, darussa 12, da aka gwada a makarantun sakandaren Najeriya ƙarƙashin shirin UNODC da Tarayyar Turai. Ba tsoratarwa take yi ba. Tana koya wa ɗalibi yadda zai ce a'a ga abokinsa ba tare da abota ta ɓaci ba, tana kuma gyara masa zaton cewa kowa ma sha yake. Abin da take buƙata horar da malami ne da buga littafi. Makarantun Islamiyya da na dare, inda 'yan mata da matan aure suka fi taruwa, za su iya ɗaukar irinta.

Na biyu shi ne cike lokacin da ke tsakanin tashi daga makaranta da magariba. Ƙasar Aisland ta nuna abin da hakan ke yi: a 1998 kashi 42 cikin ɗari na 'yan shekara 15 da 16 sun ce sun bugu a watan da ya wuce, zuwa 2016 ya sauko kashi 5, bayan gwamnati ta zuba kuɗi a wasanni da kulob-kulob ta kuma jawo iyaye ciki. Mu a nan filayen ƙwallon unguwa yanka su ake yi ana sayarwa fuloti-fuloti. Kocin da ke tara yara arba'in kullum da yamma, yana sayen ƙwallo daga aljihunsa, ma'aikacin rigakafi ne ko da bai san sunan aikin ba.

Na uku ɗakin zuwa-ka-koma: shago ɗaya ko zaure, da ma'aikacin lafiya mai zuwa sau biyu a mako, da wani wanda ya taɓa sha ya daina, don shi ne ya san ƙaryar da mai sha ke yi wa kansa, kuma shi za su saurara. Mata na buƙatar nasu daban, mace ce za ta riƙe shi, a kuma raɓa shi da asibitin sha-ka-tafi, ta yadda wadda ta shiga ba za a san awo ta je ko wani abu ba. Matar da ta san za a gan ta a ƙofar cibiyar 'yan ƙwaya, gara mata ta mutu a ɗaki.

Na huɗu sana'a. Mai walda ko tela ko kafinta ba ya ƙin yaro don ƙeta, tsoron kayan aikinsa yake. Idan mai unguwa ya tsaya wa yaron, asusun unguwa ya ɗauki kuɗin abincin rana da kayan koyo, aka kuma yi alkawarin biyan abin da ya salwanta, da yawa za su karɓa.

Na biyar maganin farfaɗowa. Akwai naloxone, wanda ke dawo da numfashin wanda irin wannan ƙwaya ta danne cikin mintuna. Yana cikin jerin muhimman magunguna na Hukumar Lafiya ta Duniya, kuma a Amurka tun 2023 ana sayar da mai fesawa a hanci ba tare da takardar likita ba. A wurinmu wanda ya suma manja ake ɗura masa ko madara, abin da kan iya shaƙe shi.

A Tamale ta ƙasar Gana, wani basarake, Alhassan Maham, ya haɗa rundunar sa-kai ta kusan mutum 100 suna bin dillalai suna ƙwace ƙwaya suna ƙonawa. Himmar unguwa ba ta yi ƙaranci ba, can da nan. Amma ɗan sa-kai ma yana da cefane a kansa, kuma aikin da aka ɗora a kan himma kaɗai, ranar da mai himmar ya yi aure ko ya samu aiki a Abuja ya mutu ke nan.

Yadda Amurka ta sa masu riba suka biya

Annobar ƙwaya a Amurka ta faro ne daga takardar likita, bayan kamfanin Purdue Pharma ya fito da OxyContin a 1996 yana tallarsa a matsayin mai ƙarancin kama mutum. Zuwa 2021 masu mutuwa sanadin shan ƙwaya fiye da kima sun haura 100,000 a shekara. Jihohi da ƙananan hukumomi dubbai suka maka kamfanoni a kotu. A 2021 manyan masu rarraba magani uku, McKesson da Cardinal Health da AmerisourceBergen, suka amince su biya dala biliyan 21 cikin shekara 18, Johnson & Johnson kuma biliyan 5. Da aka haɗa da sauran yarjejeniyoyi, jimillar ta wuce dala biliyan 50.

Abin lura ba yawan kuɗin ba ne, sharaɗin da aka ɗaura musu. A 1998 kamfanonin taba sun yi irin wannan sulhu da jihohi 46 a kan dala biliyan 206, amma gwamnoni suka karkatar da kuɗin zuwa tituna da cike giɓin kasafi, abin da ke zuwa hana shan taba bai kai kashi 3 cikin ɗari ba. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu: a wannan karon aka rubuta cewa aƙalla kashi 85 cikin ɗari dole su tafi ga magance annobar. Jihar Karolina ta Arewa ta miƙa kashi 85 na rabonta kai-tsaye ga ƙananan hukumomi. Duk da haka 'yan jarida sun gano wuraren da aka sayi motocin 'yan sanda da kuɗin. Idan haka ta faru inda ake bin diddigin kowace dala, ba sai an faɗa mana abin da zai faru da kuɗin da ba a ɗaure ba.

Rijiyoyin da ke kusa

Mafi yawan ayyukan unguwa da aka taɓa yi a nan, da kuɗin waje aka yi su. Kuɗin baƙo kuwa yana da ranar tafiya, kamar yadda aka gani a Janairun 2025 lokacin da Amurka ta dakatar da tallafinta na ƙetare, ayyukan lafiya da dama suka tsaya cak. Da ruwan ciki ake jan na rijiya.

Rijiya ta farko dukiyar dillalan ce. Dokar ƙwato dukiyar haram ta 2022 ta tsara yadda ake ƙwace gidaje da motocin masu laifi a yi gwanjonsu a zuba a asusun gwamnati. Majalisa za ta iya ware wani kaso na abin da aka ƙwato daga fataucin ƙwaya, ta ɗaure shi da doka a kan rigakafi da farfaɗowa, a raba wa jihohi gwargwadon yadda abin ya ci su. Gidan da aka gina da kuɗin tiramol, 'ya'yan da aka sayar wa su suka fi cancanta da shi.

Ta biyu kasafin jiha da na ƙaramar hukuma. Kaduna ta kafa hukuma ta musamman, KADBUSA, don wannan aiki. Kano tana da makarantar gyaran hali a Ƙiru. Abin da ya rage shi ne layin kuɗi na ƙananan tallafi ga ƙungiyoyin unguwa, wanda za a riƙa saki wata-wata, ba a jira Disamba ba.

Ta uku zakka da waƙafi. Hukumar Zakka da Waƙafi ta Jihar Sakkwato ta daɗe tana ɗaukar nauyin maganin masu taɓin hankali, wanda ya nuna hanyar a buɗe take. Attajirin da zai gina masallaci na huɗu a layi ɗaya zai iya waƙafin shaguna biyu, hayarsu ta riƙa biyan mai ba da shawara har bayan ransa.

Ta huɗu aljihunmu. Lissafin ba wuya: gida 500, kowanne naira 500 a wata, naira 250,000 ke nan. Mutanen da ke haɗa kuɗin gyaran taransifoma da na 'yan sintiri ba sa buƙatar a koya musu karo-karo. Kamfanoni ma na da rabonsu. Gidauniyar MTN ta riga ta shiga wannan fage, kuma masu harhaɗa magani da manyan 'yan sari su suka fi kowa hakkin shiga.

Wanda ya ci ladan kuturu

Duk wanda ya san ƙasar nan ya san ranar da aka ji an ware kuɗi, ƙungiyoyi za su tsiro kamar ciyawar damina, kowace da hatimi da kan takarda. Kariyar ita ce a ba wanda aka tarar yana aikin tun kafin kuɗi su zo, a ba shi kaɗan-kaɗan na tsawon shekaru maimakon dunƙule ɗaya. Kwamitin da zai sa hannu ya haɗa mai unguwa da liman da ma'aikacin lafiya da uwa, da wanda ya daina sha. A liƙa lissafi a jikin bangon masallaci kowane wata. Kada sisi ya shiga wurin da ake ɗaure mutum ko dukansa, musamman yanzu da dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da aka sa wa hannu a Janairun 2023 ta maye gurbin tsohuwar ta 1958. A kuma daina auna nasara da yawan waɗanda suka zo taro. Ma'aunin shi ne: cikin yara goma da aka sallamo bara, nawa ne ke bakin sana'a yau, nawa ne suka koma, nawa aka binne?

Yaron lungunmu ya tashi daga waccan faɗuwar. A karo na biyu ba a samu abin sayarwa ba, sai aka yi abin da ya kamata a yi tun farko. Mai unguwa ya taka da kansa zuwa wurin wani mai walda a bakin titi ya ce a wuyansa. Kwamitin masallaci ya saya masa tabarau da safar hannu, ya ɗauki abincin ranarsa. Wani da ya girme shi, wanda shi ma ya taɓa zama a kangon, yakan biyo masa kullum da asuba su tafi masallaci, ya kuma san ranakun da ba a barinsa shi kaɗai. Ya sake zamewa sau ɗaya, ba a kore shi ba.

Duk abin da aka kashe a kansa a wannan karon bai kai kuɗin keken ɗinkin mahaifiyarsa ba. Keken har yanzu bai dawo ba. Ta ce yana ajiye mata wani abu duk Juma'a a cikin gwangwanin madara, kuma ta hana kowa ya ƙirga.